Hayar jif a Zanzibar: inda ƙwarewar direban Arewa ke amfani, da inda take yaudararsa

A gida, in mutum ya sauka garin da bai sani ba, shatar mota yake ɗauka har da direbanta, ya kishingiɗa a baya a kai shi inda za shi. Ba mu saba a miƙa wa baƙo makulli a ce ya dawo da mota bayan mako guda ba. A Zanzibar kuwa wannan sana'a ce mai zaman kanta, kuma mu da muke zaune a wannan gaɓa ta gabashin Afirka kullum 'yan'uwa masu zuwa hutu suna tambayarmu wanne ya fi. Ra'ayina a taƙaice: in kwana uku za ka yi a otal ɗaya, ɗauki tasi ka huta. In kuwa za ka kwana a Nungwi, ka koma Paje, ka leƙa Kizimkazi, wato garuruwan bakin teku na arewa da gabas da kudu, to karɓi jif ka tuƙa da kanka. Sai dai ka san dalilin da ya sa jif ɗin, domin yawancin masu karɓarta ba su sani ba, shi ya sa suke lalata ta.

Unguja, babban tsibirin da ake kira Zanzibar, bai fi kilomita 85 a tsaye ba, faɗinsa kuma bai kai 40 ba. Babu dutsen hawa, wuri mafi tsayi a cikinsa bai wuce mita 120 da 'yan kai ba. Daga Stone Town, tsohon garin da ke cikin babban birnin tsibirin, zuwa Nungwi a arewa wajen kilomita 60 ne, zuwa Paje a gabas wajen 50, kuma duk kwalta ce. Ƙaramar mota ma za ta je. Abin da ke sa a nemi jif shi ne kilomita ɗaya ko biyu na ƙarshe, daga bakin kwalta zuwa masauki ko bakin teku. Gabashin tsibirin dutsen murjani ne tsirara, wato dutsen da ƙananan halittun teku suka gina, mai kaifi da ramuka, ƙasa kaɗan ce a samansa. Wanda ya saba da hanyar burji ta gida, wadda ko ta lalace jar ƙasa ce mai laushi, zai raina wannan hanya sai ya ji ƙasan mota ya daki dutse. Tsayin motar daga ƙasa ake saya, jan taya huɗu kuwa da wuya a buƙace shi sau biyu a mako.

Motar da aka fi bayarwa ita ce Suzuki Escudo, tsohuwar yayi, wadda aka shigo da ita daga Japan bayan ta gama aiki a can. Akwai mai ƙofa uku, akwai mai biyar, sai kuma Toyota RAV4. Kuɗin yini yakan kama daga dala 30 zuwa 50, gwargwadon mota da lokaci da iya cinikinka, kuma ana ragi in kwanakin sun yi yawa. Mai ƙofa uku ta ishi mutum biyu da jakunkunansu. Mutum huɗu da akwatuna irin namu, waɗanda ba ma tafiya sai da tsaraba, ba za ta ɗauke su ba.

Tunda tsofaffi ne, kada ka karɓa da dare ko a gurguje a filin jirgi. Ɗauki minti ashirin. Zagaya motar da waya kana ɗaukar bidiyo, mai motar yana tsaye, ka nuna kowane ƙarce da loɓawa, har gilashi da fitilu da allon da ke nuna yawan mai. Duba gefen tayoyi, ba samansu kaɗai ba, domin gefen ne murjani ke yankawa, kuma yankan gefe ba ya facuwa. Sauke safaya ka tabbatar da iska a cikinta, ka gwada sifanar taya a kan noti ɗaya, don sau da yawa jak yana nan amma sifanar ta wata mota ce. Buɗe gaba tun inji na sanyi ka ga ruwan lagireto da baƙin mai. Leƙa ƙasa: iskar teku gishiri gare ta, tsatsa na cin salansa da bututun birki a ɓoye alhali fenti na ƙyalli. Sannan ka ja ta 'yar tazara, ka taka birki da ƙarfi, ka kunna na'urar sanyi kana kallon allurar zafi. Mai kuwa, da ɗan kaɗan ake ba ka ita, haka kuma za ka mayar, saboda haka gidan mai ne zangonka na farko. Escudo takan sha wajen lita 10 a kilomita 100, wato mai yawon kilomita 400 a mako lita 40 ta ishe shi. Ka riƙe shilin a hannu, ba kowane gidan mai ke karɓar kati ba, kuma suna ƙaranci in ka yi nisa da birni.

Sai takardu. Zanzibar ta haɗe da Tanganyika a 1964 aka samu Tanzaniya, amma tana da gwamnatinta da dokokinta na hanya. Don haka lasinka na Najeriya ko Nijar ko Ghana, kai har lasin ƙasa da ƙasa, bai wadatar shi kaɗai ba, sai da takardar izinin tuƙi ta Zanzibar. Masu ba da hayar ne ke karɓo ta, kuɗinta wajen dala 10, kuma gara ka tura musu hoton lasinka kwana biyu kafin ka iso. Inshorar dala 44 da aka wajabta wa baƙi tun Oktoban 2024 ta matafiyi ce, ba ta motar ba. Ta motar kuwa ka tambaya a rubuce: in an yi karo nawa ne a wuyanka? Yawanci taya da gilashi da ƙasan mota ba sa ciki, kuma su ne daidai abubuwan da ke lalacewa a wannan tsibiri. In an nemi kuɗin ajiya, a rubuta adadinsa da ranar mayarwa. Wajen sa lokacin mayar da mota ka rubuta shi da lambobi irin na agogon waya, domin Waswahili daga fitowar rana suke fara ƙidaya, ƙarfe ɗayansu shi ne bakwai na safe a wurinka, tazarar awa shida ke nan.

Shingen 'yan sanda ba baƙon abu ba ne ga ɗan Arewa, kuma a nan ma suna da yawa, masu fararen kaya, a mashigar garuruwa da mararraba. Lasi da takardar izini da inshora suke tambaya, su duba bel, wani lokaci su nemi abin kashe gobara da alamar nan mai kusurwa uku. Sauke gilashi, yi sallama, mutanen tsibirin kusan duk Musulmi ne kuma sallama na buɗe fuska. In an ce ka yi laifi, nemi a rubuta maka da rasit. Ɗabi'ar nan ta miƙa na goro tun kafin a tambaya ka bar ta a gida, a nan kai baƙo ne, kuma tana iya mayar da ƙaramar magana babba.

Babban haɗarin dai ba a daji yake ba, a kan kwalta yake, kuma daga hannayenka zai fito. A nan hagu ake bi. Najeriya ta bar hannun hagu tun 1972, Ghana a 1974, Nijar da Kamaru da Cadi kuwa hannun dama suka gada. Sitiyari yana dama, giya tana hannun hagunka, kuloci da birki da totur dai suna jerinsu da ka sani. A motocin Japan sandar sigina tana dama, shi ya sa ranar farko duk sanda ka so juyawa sai waifa ta tashi. Wannan abin dariya ne. Wanda ba na dariya ba shi ne fitowa daga gidan mai ko daga ƙaramar hanya lokacin da titi ba kowa: babu motar da za ka bi bayanta, sai jiki ya koma abin da ya saba, ka tsinci kanka a hannun masu tahowa. Dabarar ita ce ka riƙa tuna cewa direba kullum shi ne a kusa da tsakiyar titi, fasinja a gefen daji. A shataletale hagu ake shiga, a ba na dama hanya. Juyawa dama ita ce mai ratsa hanyar masu zuwa. Sannan da yake idonka ya saba auna mota daga kujerar hagu, za ka riƙa matsawa gefen hagu fiye da kima, inda masu keke da 'yan makaranta da amalanken shanu suke. Duk wanda ke zaune kusa da kai ka ba shi izini ya yi maka tsawa.

Gudu ba shi da amfani a tsibirin da awa biyu da 'yan mintuna ke ƙure shi. Cikin ƙauyuka kada ka haura 50, inda allo ya ce ƙasa da haka ka bi allo. Tudun rage gudu suna da yawa kuma ba duka aka shafa wa fenti ba. A dajin Jozani, kan hanyar Paje, an jera su ne musamman saboda jajayen biran nan da babu irinsu sai a Zanzibar, waɗanda ke tsallaka titi. Daladala, motocin hayarsu, suna tsayawa duk inda fasinja ya ɗaga hannu, kamar dai bas ɗin cikin Kano. Rana kuma tana faɗuwa wajen shida da rabi kusan duk shekara, duhu ya rufe nan da nan, kekuna ba fitila, masu tahowa ba sa rage haske. Ka tsara tafiyarka ta ƙare kafin magariba. Stone Town kuwa lungunanta ba sa cin mota sam, a bakin gari ake ajiyewa a shiga da ƙafa, don haka kwanakin da za ka yi a can kada ka biya kuɗin haya a banza.

Game da jan taya huɗu, tsohuwar Escudo tana da ƙaramar sanda ta biyu kusa da giya, an rubuta 2H, 4H, N da 4L. A kwalta 2H kawai. Motar ba ta da abin da ke raba juyi tsakanin gaba da baya, saboda haka in ka bar ta a 4H a busasshiyar kwalta, tayoyin gaba da na baya dole su juya daidai da juna ko a kwana, alhali na gaba sun fi yin nisa. Ƙarfin sai ya taru a farfela da akwatin giya, sitiyari ya yi tauri, taya ta riƙa kuka, ƙarshe wani abu ya karye. 4H na yashi ne da taɓo. 4L sai mota ta tsaya cak ake sa shi, don jan hankali a kan duwatsu ko fita daga kafewa. Wasu suna da makulli a cibiyar tayoyin gaba da ake murɗawa da hannu, in ba ka murɗa ba sandar ba ta yi komai ba. In sandar ta ƙi komawa 2H, ja da baya 'yan mitoci a miƙe, za ta saki. RAV4 ba ta da wannan sanda, kuma ba ta da giyar ƙarfi irin 4L.

Direban da ya san yashin Damagaram ko hanyoyin Yobe ya san a rage iskar taya daga 30 zuwa 18 ko 15 a ma'aunin iska na PSI, a ɗauki giya ta biyu, kada a taka birki da ƙarfi, kada a murɗa sitiyari farat ɗaya. Duk wannan daidai ne a nan ma, da sharaɗin ka mayar da iskar kafin ka hau murjani, don taya mai laushi gefenta ke kumbura ya sami kaifin dutse. Inda ilimin ke yaudara shi ne bakin teku. Yashin hamada in ka kafe yana jiranka har gobe. Na teku ba ya jira. Sau biyu a yini ruwa ke janyewa ya dawo, wajen awa shida tsakanin janyewa da cikowa, kuma a Paje da Jambiani yakan ja baya da nisa har ka ga mata suna aikin ciyawar teku a inda ɗazu ruwa ne. Filin sai ya yi fari, shimfiɗe, kamar an yi don mota. Samansa ne kawai ya bushe, ƙarƙashinsa jiƙe yake, taya na fasa ɓawon sai ta nutse har cibiya, ƙara totur kuma ƙara haƙa rami ne. Lokacin sabon wata da tsakiyarsa bambancin cika da janyewa yakan kai mita uku zuwa huɗu. Motar da ruwan gishiri ya shiga injinta da wayoyinta ta gama yawo, yarjejeniyar haya ta hana hawa bakin teku, inshora ba za ta biya ba, kuɗin mota sukutum zai hau kanka.

Haka tsohuwar hanyar shiga tsibirin Uzi daga Unguja Ukuu, wadda ta ratsa dajin bakin ruwa: teku na rufe ta in ya ciko, sai ka tambayi mutanen wurin lokacin shiga da na fita. Taswira ma tana ruɗi a gabas. Chwaka da Michamvi suna kallon juna, amma ruwa ne a tsakaninsu, mota sai ta zagayo ta Jozani da Paje.

Damina biyu gare su, babba daga Maris zuwa Mayu, ƙarama wajen Nuwamba zuwa Disamba. A babbar, yammacin tsibirin mai zurfin ƙasa, inda gonakin kanumfari suke, yakan yi santsi, a nan ne 4H ke biyan kuɗinsa. Kududdufin da ba ka ga ƙasansa ba, sauka ka auna da sanda ko ka jira wata mota ta wuce. In ya haura tsakiyar taya, juya. Inji in ya zuƙi ruwa ta bututun iska tsayawa yake nan take, kuma sake tayar da shi ne ke lanƙwasa ƙarafunan ciki. In ta mutu a cikin ruwa, zare makulli, a tura ta waje, ka kira mai motar ya turo makanikensa. In kuwa ka tsallake lafiya, ɗan riƙa taka birki a hankali na 'yan mitoci har ya bushe kafin ka ƙara gudu.