Mai tsara kai hari a jami'a zai iya cin abinci a NFL? Ku dubi Joe Brady

A Disambar 2021 ƙungiyar Carolina Panthers ta NFL, babbar gasar ƙwararru ta ƙwallon Amurka, ta sallami mai tsara kai harinta Joe Brady, ko kaka biyu bai cika ba. Shi ne fa wanda shekara biyu kafin nan ake rububinsa kamar ba za a sake haifar irinsa ba. A 2019 yana cikin masu tsara kai hari a jami'ar LSU, shi ke kula da ɓangaren jifa, kuma a shekarar ne kwatabak ɗinsu, wato mai jefa ƙwallo kuma jagoran kai hari, Joe Burrow, ya jefa tachdawun 60 (tachdawun shi ne kai ƙwallo ƙarshen filin abokan karawa a ci maki), suka ci wasa 15 ba a doke su ko sau ɗaya ba, suka ɗauke kofin jami'o'in Amurka. Brady na da shekara 30 kacal Carolina ta ɗauke shi. Da aka kore shi kuwa sai aka koma tsohuwar muhawara, wai shin mai tsara kai hari a jami'a zai iya kai labari a wasan ƙwararru?

Ni dai a ganina zai iya, amma ba da kayan da ya kwaso daga jami'a ba, kuma da wuya ya yi a karon farko.

Ga wanda bai saba da ƙwallon Amurka ba, kowace ƙungiya tana da 'yan kai hari daban da 'yan tsaron baya daban, kowane ɓangare da kocinsa a ƙarƙashin babban koci. Mai tsara kai harin shi ne ke zaɓar abin da za a buga a kowane yunƙuri, a ba mai gudu ƙwallo ne ko a jefa, wa zai bi ta ina, yana faɗa wa kwatabak ta rediyon da ke cikin hularsa, ana kashe rediyon idan saura daƙiƙa 15 a agogon fara wasa. To daga nan sai abin da ka koya wa yaranka tun ranar Laraba, ba ka da sauran ta cewa.

Abu na farko da ke ruɗar mutane shi ne ratar da ke tsakanin ƙungiyoyin jami'a. Sun haura 130 a babban rukuni, kuma manyan irin su Alabama da Georgia da Ohio State su ke kwashe yaran sakandare mafi kyau duk shekara, don haka a yawancin wasanninka na ranar Asabar yaranka sun fi na abokin karawa gudu da ƙarfi da tsayi tun kafin a busa usur. LSU ɗin Brady tana da Ja'Marr Chase da Justin Jefferson a lokaci guda, mutum biyun da yau suke sahun gaba a masu cafke ƙwallo a NFL gaba ɗaya. Haba jama'a, da waɗannan biyun a hannu ko wane zane ka yi a allo zai yi kyau. A NFL kuwa ƙungiya 32 ce, akwai iyakar kuɗin albashi da ba a tsallakewa, kuma wadda ta fi kowa shan kashi ita ke fara zaɓar sabon ɗan wasa. An gina gasar ne don kada wani ya tara gwanaye shi kaɗai. Brady ya isa Carolina aka ba shi kwatabak Teddy Bridgewater, shekara mai zuwa Sam Darnold, shi kuma mai gudu Christian McCaffrey da ake sa ran zai ɗauki nauyin komai rauni ya hana shi sakat, wasa 3 ya buga a 2020, wasa 7 a 2021.

Sai maganar fili, wadda ban cika jin ana yi ba alhali ni a wurina ta fi komai. Akwai wasu gajerun layuka biyu da suka ratsa tsakiyar fili inda ake ajiye ƙwallo kafin a fara kowane yunƙuri. A jami'a ƙafa 40 ce tsakaninsu, a NFL ƙafa 18 da inci 6. Ka ga idan aka ajiye ƙwallo a layin hagu a wasan jami'a, gefen dama ya zama fili fetal, sai ka tura yaronka mafi gudu can ka bar ɗan tsaron baya ɗaya yana ta haki a bayansa. Kociyoyi da yawa a kan wannan suka yi suna. A NFL ƙwallo kusan kullum a tsakiya take, babu wannan sararin, kuma 'yan bayan suna iya ɓoye niyyarsu har sai an saki ƙwallo. Ƙari a kan haka, ƙartin da ke tare wa kwatabak a jami'a an yarda su yi gaba yadi 3 kafin a jefa ƙwallo, a NFL yadi 1 ne, ka wuce alƙalin wasa ya jefo maka tutar laifi. Mai cafkewa ma a jami'a ƙafa ɗaya ya sa cikin fili ta isa, can sai biyu. Ƙananan abubuwa ne a takarda, amma idan rabin littafin dabarunka a kansu ya dogara ai ka shiga uku.

Matt Canada ya ɗanɗana. Ya yi suna a jami'o'i, musamman Pittsburgh a 2016, da dabarar motsa 'yan wasa nan da can kafin a saki ƙwallo. Ƙungiyar Pittsburgh Steelers ta NFL ta ba shi kai hari a 2021, kuma har aka sallame shi a Nuwambar 2023 ba su taɓa tara yadi 400 a wasa ɗaya ba. Magoya baya har a filin wasan hoki na garin suna ihun a kore shi. Wasan farko bayan tafiyarsa, da Cincinnati, suka yi 421. Ryan Grubb ma haka, ya kai jami'ar Washington wasan ƙarshe a Janairun 2024 shi da kwatabak Michael Penix, Seattle ta ɗauke shi bai taɓa aiki a NFL ba, ƙungiyar ta ci wasa 10 cikin 17 amma duk da haka aka sallame shi bayan kaka ɗaya, don a gudu da ƙwallo suna can ƙasa-ƙasa.

To wa ya yi nasara? Sunan da ake yawan kawowa Todd Monken ne, wanda ya ci kofi biyu a jere da Georgia a kakar 2021 da ta 2022, ya koma Baltimore, kwatabak ɗinsu Lamar Jackson ya zama gwarzon ɗan wasan NFL a 2023. Gaskiya ne. Sai dai masu kawo misalin sukan manta cewa kafin Georgia mutumin ya yi shekara uku yana riƙe da kai harin Tampa Bay, ya ƙara ɗaya a Cleveland. Ba baƙo ba ne, gida ya dawo. Liam Coen da ya fito daga Kentucky ya farfaɗo da kwatabak Baker Mayfield a Tampa Bay har ya jefa tachdawun 41 a 2024, shi ma a hannun Sean McVay na Rams ya yi almajiranci tun 2018.

Abin da ya sa labarin Brady ya fi burge ni shi ne abin da ya yi bayan korar. Bai ruga jami'a ya karɓi babbar kujera ba, ya sauko ya zama kocin kwatabak a Buffalo a 2022, muƙamin da ke ƙasa da wanda ya bari. Da aka sallami mai tsara kai harin Buffalo, Ken Dorsey, a Nuwambar 2023 aka miƙa masa riƙon ƙwarya, kuma abin mamaki, mutumin da aka sani da jifa sai ga shi yana ta ba James Cook ƙwallo yana gudu da ita. Aka tura babban mai cafke ƙwallonsu Stefon Diggs zuwa Houston a 2024, kowa ya ce shi ke nan sun mutu, sai Brady ya rarraba ƙwallon ga kowa da kowa, suka ci wasa 13, Cook ya ci tachdawun da gudu sau 16, kwatabak ɗinsu Josh Allen ya zama gwarzon shekara. Wannan ba tsarin LSU ba ne ko kaɗan.

Na san me za a ce min, wai ai Josh Allen ne, Monken ma Lamar ne, ba wata dabara. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, ba na musu, babu kocin da zai yi abin kirki a NFL da kwatabak na jeka-na-yi-ka. Amma Allen ɗin nan dai yana nan lokacin Dorsey, ana ta zubar da ƙwallo ga abokan karawa sun ci wasa 5 an doke su 5, mutum ɗaya aka canja.

Wani abin dariyar shi ne dabarun jami'a sun fi masu su saurin samun gindin zama a NFL. Tsayar da kwatabak nesa da mai miƙo masa ƙwallo, buga wasa ba tare da an taru an yi ƙus-ƙus ba, barin kwatabak ya yanke shawarar gudu ko jifa bayan an saki ƙwallo, duk a jami'a suka yi ƙarfi, kuma Philadelphia ta yi amfani da wannan ta ƙarshen sosai a kakar da ta ci Super Bowl, wasan ƙarshe na NFL, a Fabrairun 2018. Kociyoyin NFL sukan tsinci abu biyu uku su cusa cikin nasu, ba sa ɗaukar littafin gaba ɗaya. Wanda ya zo da littafin kacokan yana cewa sai shi, nan da wata biyu masu tsara tsaron baya sun zauna da bidiyo sun haddace shi, su da ba su da lakca ba su da jarrabawa, aikinsu ke nan safe da dare.

Chip Kelly ya ga wannan har sau uku. Ya zo Philadelphia a matsayin babban koci daga jami'ar Oregon a 2013 da wasansa na sauri, ya ci 10 ya sake cin 10, shekara ta uku aka kore shi, San Francisco kuma wasa 2 ya ci cikin 16. Ya koma jami'a, a Janairun 2025 ya ɗaga kofi da Ohio State a matsayin mai tsara kai hari, yana da Jeremiah Smith da Emeka Egbuka da masu gudu biyu waɗanda su biyun NFL ta ɗauke. Las Vegas Raiders ta kira shi da zumuɗi, kafin Nuwamba ta ƙare ta sallame shi.