Ba kadherin kaɗai ba ne

Labarin da aka rubuta da ke ɗora laifin kansar tsoka a kan lalacewar furotin ɗin kadherin ya yi kyau amma marubucin ya yi gaggawar cewa wai an gano musabbabin kansar tsoka, ai ba haka abin yake ba. Su furotin ɗin kadherin aikinsu manne ƙwayoyin halitta da juna, kuma sai ƙwayoyin sun manne sun haɗe sannan tsoka ta ginu. To a rabdomayosakoma, wato kansar tsoka wadda ta fi kama yara, ƙwayoyin ba sa ƙosawa sai dai su yi ta yawaita, in mannewar ta lalace kuma su ɓalle su bi jini zuwa huhu ko ɓargo. Amma fa a wani nau'in cutar tushen yana can cikin ƙwayar gado, inda wata ƙwayar gado mai suna PAX3 ke haɗewa da wata mai suna FOXO1.