A daina ɗora wa Brunhilda da facalarta yaƙin da maza suka hura

Duk inda aka ɗauko tarihin daular Frank ta ƙarni na 6, wadda ta mamaye mafi yawan Faransa ta yau da Beljiyam da yammacin Jamus, sai ka ji an ce mata biyu ne suka hana ta sakat fiye da shekara 40: Sarauniya Brunhilda da facalarta Fredegund. Labari ne mai daɗin kunne, shi ya sa ya yi tsawon rai. Ni dai ban gamsu da shi ba.

Da Sarki Chlothar na ɗaya ya mutu a 561, 'ya'yansa maza huɗu suka raba ƙasar kamar gonar gado. Ba a je ko'ina ba Chilperic ya auka wa birnin Reims na ɗan'uwansa Sigebert, alhali Sigebert yana can gabas yana fama da mahara. A lokacin Brunhilda tana gidan ubanta Athanagild, sarkin Visigoth na Sifaniya. Sai wajen 567 Sigebert ya auro ta. Wutar na ci kafin amarya ta tare.

Ba na musun cewa akwai jini tsakanin matan. Chilperic ya ga ɗan'uwansa ya auri 'yar sarki, shi ma ya nemo yayar Brunhilda, Galswintha, ya ba ta birane biyar, ciki har da Bordeaux da Limoges da Cahors. Auren bai yi nisa ba aka tarar da ita a shaƙe a kan gadonta, kwanaki kaɗan kuma ya mayar da Fredegund, wadda yake tare da ita tun kafin auren, asalinta kuma baiwar gidan ce. Wace ƙanwa za ta yafe wannan? Amma ko a nan, abin da aka yi ta jan magana a kansa biranen ne. Shekara kusan 20 bayan haka, yarjejeniyar Andelot ta 587 tana nan tana lissafin wanda za a miƙa wa Brunhilda nan take, wato Cahors, da waɗanda sai bayan ran Sarki Guntram, ɗan'uwan Sigebert da Chilperic.

Abin da masu labarin kishi suke tsallakewa shi ne, matar sarki a gidan nan ba ta da wata kujera tata. Ranta da dukiyarta suna rataye ne a wuyan ɗa namiji mai rai. Da aka soke Sigebert a Vitry a 575, ɗansa Childebert yana da shekara biyar. Da aka kashe Chilperic a Chelles a 584, jaririn Fredegund wata huɗu gare shi, sauran 'ya'yanta maza duk cuta ta ɗauke su. Guntram ya fara raɗe-raɗin cewa yaron ba jinin ɗan'uwansa ba ne. Sai ta tara bishop uku da manyan ƙasa 300 suka rantse cewa ɗan Chilperic ne. Macen da sai ta kawo mutum 303 kafin a yarda da ɗanta, me ake so ta zama in ba mai zare ido ba?

Sannan wa ya ba mu labarin? Gregory, bishop na Tours, shi ya rubuta mafi yawan abin da muka sani game da Fredegund: wuƙaƙe masu guba da aka soke Sigebert da su, kisan bishop na Rouen a cikin coci, har da ranar da ta danne wuyan 'yarta Rigunth da murfin akwatin dukiya. Wataƙila duk sun faru. Sai dai Gregory ya samu kujerarsa a 573 da goyon bayan Sigebert da Brunhilda, ya kuma mutu a 594. Waɗanda suka ɗauki alƙalami bayansa sun yi rubutu a zamanin zuriyar Fredegund, sai Brunhilda ta koma ita ce muguwar. Ita ma hannunta ba tsarkakakke ba ne, don an kori malamin Kirista Columbanus daga Burgundy a 610 bayan ya ƙi sa wa 'ya'yan jikanta albarka. Amma ita ce Paparoma Gregory yake aika wa wasiƙu yana neman ta tallafa wa tawagar masu wa'azi da ya tura Ingila.

Fredegund ta mutu a kan gadonta a 597. Brunhilda ta riƙe ragama a madadin ɗa, da jikoki, har da tattaɓa-kunne. A 613, tana da kusan shekara 70, manyan fadarta suka sayar da ita. Warnachar, shugaban fadar Burgundy, ya janye rundunarsa, Arnulf na Metz da Pepin na Landen suka gayyato Chlothar na biyu, jaririn nan da aka yi wa rantsuwa. Ya tuhume ta da jinin sarakuna da 'ya'yan sarki goma, cikinsu har da mijinta Sigebert, wanda Gregory na Tours ya ce Fredegund uwar mai shari'ar ce ta sa aka kashe. Kwana uku ana azabtar da ita, aka zaga da ita cikin sojoji a kan raƙumi, sannan aka ɗaure ta a wutsiyar doki mai tsaurin kai.

Su wa suka ci riba? A 614 Chlothar ya fitar da dokar Paris wadda ta tabbatar wa manyan ƙasa da coci haƙƙoƙinsu, Warnachar kuma ya riƙe muƙaminsa har mutuwa. Ɗan Arnulf ya auri 'yar Pepin, kuma daga wannan auren ne aka samu zuriyar da a 751 ta tuɓe sarkin ƙarshe na gidan Merovingian, wato gidan su Chlothar, ta aske masa gashi, ta tura shi gidan ibada.