Bangon mujallar fim, da idanun da ake yi dominsu

Jiya ina gyaran akwatin takarduna na ci karo da tsofaffin mujallun fim da na riƙa saya tun ina ɗalibi. Na shimfiɗa su a tabarma, na daɗe ina kallon bangunansu ban buɗe ko ɗaya ba. Abin da na gani ne ya sa na ce bari in yi wannan rubutu.

Ƙannenmu da suka tashi da waya a hannu ba lallai su san zamanin ba. A 1998 Sunusi Shehu ya fito da mujallar Tauraruwa a Kano, kuma a cikinta aka fara kiran masana'antar finafinan Hausa da sunan Kannywood. A watan Maris na 1999 Malam Ibrahim Sheme ya fara buga mujallar Fim, wadda ta fi sauran tsawon rai. Kafin su, masu son fim a nan mujallun Indiya suke nema, irin su Filmfare da aka kafa a 1952 da Stardust ta 1971. Da yawa daga masu sayensu ba Turancin ciki ya dame su ba, hotunan suke so. Tun daga nan ka san bango shi ne ɗan tallan mujalla.

Ku tuna yadda ake sayar da ita. Mai jarida ya jera su a kan tebur ko a ƙasa, wata ta rufe rabin wata, ya ɗora dutse kada iska ta kwashe. Ko kuma yaro ya riƙe su a hannu yana bin motoci a danja. Mai saye yana da ɗan lokacin da bai wuce ƙiftawar ido ba. Shi ya sa sunan mujalla yake can sama da manyan haruffa, don saman ne kaɗai ke tsira idan an jera. Shi ya sa ja da rawaya suka yi yawa, su ne ke tsaga ƙura da hasken rana. Shi ya sa kuma ake sa fuska babba tana kallonka kai tsaye, domin mutum ba ya iya wuce idon da ke kallonsa. Mujallar Empire ta Ingila tana buga bango iri biyu: wanda ake kai wa kanti cike da rubutu, wanda ake aika wa masu biyan kuɗin shekara kusan hoto ne zalla. Wato duk wannan rubutun na wanda ba a riga an shawo kansa ba ne.

Amma ga abin da ya fi ɗaukar hankalina, wanda nake ganin namu ne mu kaɗai. Mai tsara bangon mujallar Hausa idanu biyu yake yi wa aiki. Akwai idon mai saye, budurwa ko matar aure ko ɗan makaranta. Akwai kuma idon maigida ko uwa da za ta tarar da mujallar a kan gado. Na farko yana son ganin tauraruwa cikin kwalliya, na biyu kuwa yana da ikon ya ce kada ta ƙara shigowa gidan nan. Ku duba hotunan da kyau: ɗaurin ɗankwali, gyale a kafaɗa ko a ka, lalle a hannu, leshi ko atamfa mai tsada, murmushi ba dariya ba. Hoton yakan tsaya a fuska da kafaɗa. Bayan an kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, wannan taka-tsantsan ya ƙara nauyi. Ni a wurina wannan gwaninta ce babba, a jawo hankali ba tare da an ja wa mai saye faɗa a gida ba. Kuma mata da yawa daga waɗannan bangunan suke ɗaukar samfurin ɗinki su kai wa tela.

Inda nake da ƙorafi shi ne kanun labarai. Da na bi su ɗaya bayan ɗaya, kalmomin da suka fi yawa su ne aure, mutuwar aure, rikici, fallasa. Jaruma ta yi wata guda tana wahala a wurin ɗaukar fim, rana ta dake ta, amma abin da zai kai ta bango shi ne wa za ta aura ko me ya fito da ita daga gidan miji. Na san uzurin, kuɗin maɗaba'a ba ya jira, kuma abin da jama'a ke saya shi ake bugawa. Duk da haka wannan ya koya wa masu karatu kallon ’yan fim mata ta wata kafa guda, kuma har yau suna biyan bashin. Marubucin labari fa, ko mai ɗaukar hoto, ko mai tace hoto? Da wuya ka ga fuskarsu a gaba, alhali a cikin mujallar akwai hirarraki masu nauyi da su, waɗanda masu binciken tarihin fim ke dogaro da su yanzu.

Yau aikin bango ya koma ɗan hoton da ake liƙa wa bidiyo a YouTube. Ja da rawayan nan ne, fuskar nan ce, sai dai kunya ta ragu. Editan mujalla ya san zai haɗu da jarumar a wurin biki, kuma wata mai zuwa yana buƙatar mai saye ya dawo. Mai tashar da ya haɗa hoton jarumi da makara alhali mutumin yana raye, ba wanda ya san ko sunansa.

Ina roƙon ɗakunan karatu na jami'o'inmu da Gidan Arewa, cibiyar adana tarihi ta Kaduna, su nemi waɗannan mujallu su ɗauki hoton bangunansu su adana. A jikinsu akwai tarihin suturarmu, da yadda muke rubuta Hausa, da fuskokin waɗanda suka riga mu gidan gaskiya irin su Ahmed S. Nuhu da Rabilu Musa Ibro. Nawa na zuba su a leda na ɗaure, amma gara ta riga ta cinye gefen guda uku.