Kuran na dare shi ne mai tsada

Assalamu alaikum malam, na karanta labarinka kan kasuwar kuran ta WAPP, wato haɗakar wutar lantarki ta ƙasashen Afirka ta Yamma, wadda cibiyarta ke Calavi a Benin, inda ƙasa za ta faɗi tun yau adadin wutar da take so gobe awa bayan awa, a sayar mata a sari. Wallahi abin ya taɓa ni don ni ƙanƙara nike saidawa nan Tahoua, firigo biyu gare ni.

Abin da mutane ba su gane ba shi ne kuran ba farashi guda gare shi ba, ana fara ɗaukar mai arha ne irin na ruwa kamar Kainji da na rana kamar na Malbaza, in bai isa ba sai a tada injinan gazuwal, to su ne masu cin kuɗi, kuma daidai bayan magariba lokacin da panno mai ɗaukar hasken rana ya kwanta kowa ya kunna fanka da tele, nan ne buƙata ke hawa sama. Ita kuma wuta ba hatsi ba ce balle a zuba rumbu.

Amma fa ko an samu mai arha sai da layin da zai ɗauko ta. Mun gani a 2023 da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta, ni da idona na zubar da ƙanƙara ta narke cikin leda, ruwa har bakin ƙofa, yara suna kwasa da roba. Don Allah a gaggauta madatsar ruwa ta Kandaji da tashar kuran mai aiki da kwal ta Salkadamna, mu shiga kasuwar da namu kayan a hannu.