Zauren taron ƙauye a Japan ba yau aka fara ba

Wani labari da na karanta kan wani zauren taron ƙauye a Japan ya ce haɗa ɗakin karatu, wurin taro da mafaka a gini ɗaya sabuwar dabara ce. Ba haka ba ne. Tun 1946 Japan take kafa irin waɗannan zauruka da ake kira kominkan, doka ta tabbatar da su a 1949. Wanda ya fi taɓa ni shi ne zauren garin Rikuzentakata, da mai zanen gine-gine Toyo Ito da abokan aikinsa suka gina bayan tsunamin 2011 da gumagumen itatuwan da ruwan gishiri ya kashe, don waɗanda suka rasa gidajensu su sami inda za su zauna su yi hira. Ga mai yabon kyan irin wannan gini, ga abin tunani: kusan kashi 30 cikin ɗari na mutanen Japan sun kai shekara 65, matasan ƙauye sun kwarara birni. Nan da shekara 20, wa zai riƙa buɗe ƙofar yana share daɓen?