In Allah mai iko ne, me ya sa ya bar Shaiɗan yana yawo?

Tambayar nan ba ta tsufa a Sabon Garin Kano. Da wani abu ya faru, gobara ce ko kisa ko yaro ya mutu a asibiti, sai ka ji ta dawo, a taron matasa na coci, a guruf ɗin WhatsApp, har wajen mai shayi: in Allah mai iko duka ne kuma mai ƙauna, me ya hana ya gama da Shaiɗan tun farko kowa ya huta? Wasu dattawan coci da sun ji yaro ya tambaya sai su daka masa tsawa wai saɓo ne. Ni dai ban yarda ba. Wanda ya kwashi gawar ɗan'uwansa a tashar motar New Road bayan tashin bam na ranar 18 ga Maris 2013, ko wanda yana tsaka da sujada a tsohuwar jami'ar Bayero a Afrilun 2012 aka buɗe musu wuta, in ya ɗaga kai ya ce ya Ubangiji don me, babu wanda ya isa ya ce ya yi saɓo. Annabi Habakuk da irin wannan kukan ya buɗe littafinsa, Yesu kansa a kan gicciye ya tambayi me ya sa aka yashe shi.

Abin da ya kamata mu fara gyarawa shi ne yadda muke kallon Shaiɗan ɗin. A wasu addu'o'in dare sai ka rantse sarakuna biyu ne ke kokawa ba a san wa zai kayar ba, awa uku ana kiran sunan Shaiɗan ana ɗaure shi ana ƙona shi, sunan Allah kuwa sai can a ƙarshe. Koyarwar Kirista ba haka take ba. A littafin Ayuba sai da Shaiɗan ya samu izini kafin ya taɓa ko akuya ɗaya, aka ce dukiya ka taɓa amma ban da jikinsa, karo na biyu aka ce jikin ka taɓa amma ban da ransa. A Luka sura 22 ma Yesu ya gaya wa Bitrus Shaiɗan ya roƙa ne a ba shi almajiran ya sheƙe su kamar alkama. Mai roƙo ai ba shi ne mai gida ba. To amma fa wannan bai sauƙaƙa tambayar ba, ƙara mata nauyi ya yi, tunda yanzu Allah ne ya bari.

Amsar da malaman coci suka fi daɗewa a kanta ita ce 'yancin zaɓi. Agustin, bishop ɗin Hippo a Aljeriya ta yau wanda ya rasu a shekara ta 430, ya ce Allah bai halicci mugunta ba, mugunta lalacewar abu mai kyau ce, kuma daga son ran halitta ta fito, mala'ika ne ko mutum. A 1974 wani masanin falsafa Ba'amurke, Alvin Plantinga, ya sake gina hujjar da cewa ba zai yiwu a ba ka zaɓi na gaske kuma a tilasta maka zaɓen alheri kullum ba. Na yarda da wannan har zuciyata, ƙaunar da aka yi dole ba ƙauna ba ce. Kuma Yesu ya ba da misalin gonar da maƙiyi ya shuka ciyawa cikin alkama, bayi suka ce mu je mu tuge, mai gona ya ce a'a, garin tuge ciyawa za ku tuge alkamar, ku bari sai kaka. Duk mai cewa Allah ya share miyagu yau yau ɗin nan, ya tabbata dai shi ba ya cikin waɗanda za a share?

Sai dai 'yancin zaɓi bai amsa komai da komai ba, kuma gara mu faɗa da bakinmu. Yarinya 'yar shekara biyar mai sikila da take kwana tana ihu ƙashinta na ciwo, uwarta na zaune a ƙasan gado da fulas da ledar magani tana lissafin kuɗin ƙarin jini, wane zaɓi ta yi? A nan ne raina yake ɓaci, domin a nan wasu masu kiran kansu bayin Allah suke shigowa su ce wa uwar la'anar gidanku ce, ko akwai zunubin da kika ɓoye, kawo kuɗin baiko, wanda suke kira shuka iri, a karya la'anar. Wannan ai sak maganar abokan Ayuba ce, Elifaz da Bildad da Zofar, kuma a sura ta 42 Allah su ya yi fushi da su, ya ce ba su faɗi gaskiya a kansa ba kamar Ayuba, Ayuban nan da ya yi ta ƙorafi! Da almajirai suka ga makaho tun haihuwa suka ce wa ya yi zunubi, shi ko iyayensa, Yesu ya ce ba ko ɗaya. Mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo wa ma ya ce ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba. Har littafin ya ƙare ba a gaya wa Ayuba dalilin wahalarsa ba, to wane fasto ne aka gaya wa na yarinyar nan? Abin da Kirista yake riƙe da shi a wannan wajen shi ne Allahn da yake bauta wa ya shigo wahalar da kansa, an doke shi an kashe shi, kuma ya yi alkawarin akwai ranar shari'a.

Ɗaya ɓangaren kuma shi ne yadda muka mai da Shaiɗan wajen zubar da laifi. Duk wanda 'yan sanda suka yi holinsa a gaban 'yan jarida, ya yi fyaɗe ne ko ya sace ɗan maƙwabci, kalma ɗaya ce, sharrin Shaiɗan ne. Kirista da Musulmi duk mun iya ta. Alhali wasiƙar Yakubu ta ce Allah ba ya jarabtar kowa da mugunta, kowa sha'awarsa ce ke jansa. 'Yan'uwanmu Musulmi, waɗanda su ma aka kashe musu mutane sama da 100 a masallacin Sarkin Kano ranar 28 ga Nuwamba 2014, suna da aya a suratu Ibrahim inda Shaiɗan yake cewa kira kawai ya yi aka amsa, kar a zarge shi. Izinin da aka ba shi na ya ruɗi mutane ne, amma hannun da ya haɗa bam, da wanda ya zuba alli a kwalin magani ya kai kasuwa, da wanda ya karɓi na goro ya bar motar ta wuce shinge, duk na mutane ne masu suna da unguwa, kuma kotu za ta iya kiransu tun kafin kakar ta zo.